Ragon Layyarmu da Garin Ƙiba

A gidanmu na unguwar Zariya, a Maraɗi, murhun Kaka Dije ne ƙarshen mutuwa. Sai an ci tuwo an yi isha'i take ɗora tukunyar zogalen da ƙanenta ke aiko mata daga fadamar Jiratawa, don da safe ta kwaɗa ta sayar a ƙofar gida. Mu jikoki mukan zagaye ta, wai muna taya ta tsinke ganye, alhali tatsuniya ce ta tara mu. Ni angonta take kirana, kuma kullum sai ta ƙara da cewa ta yi asarar miji, tunda ko goro ban taɓa saya mata ba. Har yau in na ji ƙamshin dafaffen zogale sai kewarta ta kama ni.

Babanmu tela ne a Sabon Gari, kuma shi ne ɗanta na fari. Kaka mutuniyar da ce, tana yi masa kunya irin ta ɗan fari: ba ta faɗin sunansa, ba ta zama hira da shi, ko ido ba ta cika yarda su haɗa ba. In tana da saƙo, sai ta kira ɗayanmu ta ce a faɗa wa “mutumin can”. Wannan ya isa in maganar sabulu ce ko kananzir. Amma faɗa ba ya aikuwa ta bakin yaro.

Wata shekara Baba ya sayi ɗan rago tun layya na da sauran watanni, ya ce a gida za a kiwata shi. A garinmu ragon layya ba ya ɓoyuwa. Banƙare shi ake yi a jikin itace, a jera da na maƙwabta a gefen wuta a bakin titi, duk mai wucewa ya ga na kowa. Baba ya gaji da ganin namu a ƙarshen layi, ya ɗauri niyyar bana sai an tsaya an kalla.

Ana cikin haka wata mota mai amsa-kuwwa ta fara zagaya unguwanni tana tallar garin ƙiba na dabbobi. A jikin ledar an zana rago mai wuya kamar na bijimi. Mai shelar yana rantsuwa cewa cokali guda a ruwa ya wadatar, a manta da harawa, a manta da dusa. Baba ya sayo leda uku a bayan motonsa, wato babur ɗinsa, ya hana a ƙara sayen harawa, sai ɗan ƙaiƙayi da abin da ragon ya tsinta a tsakar gida. Ba a jima ba muka fara ganin haƙarƙarinsa. Innarmu ta yi magana, Baba ya ce ba ta san kayan zamani ba, wai garin sai ya fara wanke cikin dabba kafin ya gina ta. Ragon dai ya ci gaba da wankuwa, har ya fara cin igiyar shanya.

Ran nan kuran ya ɗauke, babu wutar lantarki, Baba ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa yana sauraron rediyo. Kaka ta gyara itace, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, ta ce ga wata tatsuniya nan tafe, mu ba ta hanya. Muka ce ta shigo, mun share mata wuri.

Ta ce a wani zamani an yi wani mutum, Tanko, mai sayar da garin ƙiba a kasuwar Tibiri. Ba ya zuwa kasuwa sai da raguna biyu. Ɗaya ƙato, har tafiya na yi masa wuya, shi yake ɗaurewa a damansa. Ɗayan ƙashi da fata, shi kuma a hagu. Sai ya tsaya a tsakiya yana shela cewa uwarsu ɗaya, rana ɗaya aka haife su, bambancin kawai na dama yana shan gari, na hagu ba ya sha. Mutane su kalli dama, su kalli hagu, su miƙa hannu. Abin da ba su sani ba, garin nan ɓawon gyaɗa ne da toka, kuma a ɓoye Tanko ke ɗura wa na dama harawa da wake, na hagu ko a ɗaure shi gajere yana kallo.

A Tibiri Tanko yana sauka ne gidan wata tsohuwa, Baraka, mace mai tausayi wadda ko kazar maƙwabta ba ta iya gani da yunwa. Rannan gari ya kusa ƙarewa, dole ya tafi can nesa inda ba a san shi ba ya dako wani. Ya bar mata ragunan da damin harawa da sauran garin, ya ce ta kula masa da su. Bai yi bayani ba, don bayanin shi ne tonon asirinsa. Baraka kuwa ta sha jin shelarsa, kuma ta yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ta ce to, na dama gari ya ishe shi, ai mai shi ya faɗa da bakinsa. Na hagu kuma, bawan Allah, tunda an hana shi gari, bari ya rage zafi da harawa. Ta haɗa masa da dusa da ruwan tsari da ɗan kanwa.

Zazzaɓi ya kwantar da Tanko a can, bai dawo ba sai da wata ya juya. Ya tarar da ƙaton nan ya zube, ƙahonni sun yi masa yawa, ramammen kuma ya cika ya batse har yana tunkuyar turmi.

A nan Kaka ta tsaya tana juya zogale, ta tambaye mu abin da muke jin Tanko ya yi. Ƙanwata Rabi ta ce kuka, ni na ce guduwa.

“Ku dai yara ne,” in ji Kaka. “Mi zai kai shi gudu? Ran kasuwa sai ya kwance igiya, wanga ya koma dama, wancan ya koma hagu, ya ci gaba da shelarshi.”

Muka fashe da dariya. A lokacin ne na lura rediyon Baba ya yi shiru.

Ta ce Baraka ta je kasuwa sayen daddawa ta ga abin da ake ciki, ranta ya ɓaci. Ta kutsa cikin taro ta ce jama'a ku ji tsoron Allah, wannan na dama ko ɗanɗana garin bai yi ba, ita ta kiwata shi da hannunta. Tanko ko gezau. Ya ce ku ji shaida daga bakin dattijuwa: ragon nan bai ma sha ba, kusa da buhun kawai aka ɗaure shi yana shaƙar ƙamshi, ga yadda ya koma, ina ga wanda ya sha? Kafin Baraka ta kai ga maganar ɗayan, an ture ta gefe ana wawaso. Ranar ko kakkaɓin buhu bai rage ba.

Rabi ta tambaya ko ba a kama shi ba. Kaka ta ce wa zai kama shi, alhali duk wanda ya saya ya ga ragonsa na lalacewa kunya ce ke hana shi faɗa, kada a ce an yi masa wayo.

“Shi dai rago bai san talla ba,” ta ce, tana kallon wuta. “Abin da ya shiga cikinshi, shi ka fitowa a jikinshi. Nan na aje ta, wanda ya ga tashi ce shi ɗauka.”

Sai muka ji tarin Baba, sannan ya naɗe tabarmarsa ya shige ɗaki. Washegari da azahar sai ga shi da damin harawa a bayan moto, har ba a ganin kansa, da rabin buhun dusa. Sai dai bai zubar da garin ba. Kullum in an zuba wa ragon dusa, sai ya zo da kansa ya barbaɗa ɗan kaɗan a sama, yana wani ɗaure fuska.

Ragon ya murmure, ya yi kyau ƙwarai. Ranar layya aka banƙare shi a bakin titi, mutane suka tsaya suna kallo kamar yadda Baba ya so. Da maƙwabta suka tambaye shi sirrin, ina tsaye ya ce musu garin nan ne na mota. Kafin shekara ta zagayo, gidaje da dama a layinmu sun saya. Da labari ya kai wa Kaka, sai ta ce mini, “Angona, Tanko ya samu sabon ragon dama, kuma ba shi ka sayen harawar ba.”

Yanzu na girma, tallar ta bar mota ta shigo salula. Kullum sai na ga hotuna biyu a jere, wai kafin da bayan: mai sanƙo da mai suma, mai tumbi da mai shafaffen ciki, baƙa da fara. Nakan tambayi kaina wa aka ba harawa a ɓoye, wa aka ɗaure gajere. Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar a kan wayon Tanko take. Daga baya na gane ta fi shafar mu masu saye, don mai talla sau ɗaya yake yi mana ƙarya, sauran mu muke ƙarasa masa don kare mutuncinmu.

Bayan rasuwar Kaka da shekaru, ina zaune da Baba a shagonsa, idonsa ya yi rauni har sai an zura masa zare a allura, na tambaye shi ko yana tuna labarin ragunan Tanko. Ya dakatar da keken ɗinkin.

“Ina tunawa,” ya ce. “Tun da ta haife ni, ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi mini.”

Ya goge ido da bakin rigarsa, ya mayar da ƙafa kan keken. Har ya fara ɗinki sai ya ɗago.

“Amma hwa garin ma ya ɗan taimaka.”