Tayin Baba a Ƙofar Otal

Wata rana, a tafiyata ta bara zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin, na ga abin da har yau idan na sa hannu a kwano sai ya faɗo min a rai.

Amma bari in fara gaya muku yadda garin yake a da, don yaran da suka fara zuwa yanzu su san abin da ya wuce su.

Shekara goma sha biyar ke nan da na fara zuwa sarin kayan waya. A lokacin, duk Bahaushen da ya sauka a garin abu biyu yake fara tambaya: ina alƙibla, kuma ina gidan Hajiya Tabawa.

Hajiya Tabawa 'yar Damagaram ce, tuwo take sayarwa a hawa na tara na wani tsohon bene. Babu allo a ƙofarta. Ƙamshin daddawa ne zai kai ka, tarin takalma a bakin ƙofa su tabbatar maka ba ka ɓata ba.

Falon bai fi shagon mai shayi ba, amma mutum ashirin yake ɗauka.

Tire ake kawowa, mutum shida a kan kowanne. Ba ruwan Hajiya da wane ne alhaji, wane ne yaron shago. Inda ka samu gurbi nan za ka durƙusa.

Kuma ga faɗa. Idan ta ga hannunka ya cika zuwa wajen nama, daga kicin za ka ji ta: "Kai mai jar hula, naman na mutum shida ne, ba gadonka ba ne!"

Sai a kwashe da dariya, mai jar hula ma ya yi.

A kan tiren nan ake jin wanda ya rasu a gida da wanda aka yi wa haihuwa. A nan ake ba mai komawa Kano saƙon magani. Baƙon da bai san ko'ina ba, kafin a cinye tuwo ya samu wanda zai riƙe hannunsa zuwa kasuwa. Idan kwana biyu ba a gan ka ba, Hajiya za ta sa a je a ƙwanƙwasa maka ƙofa.

Wallahi ina kewar falon nan.

To, sai korona ta zo, na yi shekaru ban leƙa ba. Da na koma bara, ko wanka ban yi ba na nufi hawa na tara. Na tarar da ƙofa a rufe, babu takalmi ko ɗaya.

Na kira lambarta. Ta ce ta koma bayan gari, tana nan tana girki, amma yanzu ba a zuwa. Danna waya kawai za ka yi, cikin rabin awa tuwo ya iske ka.

Haka kuwa aka yi.

Garin gaba ɗaya ya koma haka. Masu kai abinci sun cika titi a kan baburan lantarki, hular kwano a ka, akwati a baya, kowa na tsere da agogon wayarsa. A ƙofar otal ɗinmu har tebur aka ajiye musu. Su dire leda mai lamba, su ɗauki hotonta, su ɓace. Ba ka ga fuskarsu ba, ba su ga taka ba.

Tuwo a roba, miya a roba, har da cokalin roba. Tuwo da cokali, jama'a!

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗin abin. Ba hawa bene, ba jiran layi, ba faɗan Hajiya. In sauko in ɗauki ledata, in koma ɗaki in miƙe a gado, hannun dama a tuwo, na hagu yana latsa waya. Mu Hausawa mun kai goma sha biyar a otal ɗin, kuma kowa haka yake yi. Sai dai mu haɗu a lif, kowa da ledarsa, mu ce "ya kasuwa".

A nan na fara lura da wani dattijo.

Mutumin Gusau ne, fari tas gemunsa, tsohon mai sarin keken ɗinki. Yana cikin na farkon da suka buɗe mana hanyar garin. Ɗansa Shamwilu, wanda ke zaune a Guangzhou, shi ya kawo shi ya ga yadda abubuwa suka koma. Kwana biyu da saukarsu aiki ya ja Shamwilu zuwa wani gari mai nisa, lodin kaya na sati biyu.

Yaron kirki ne, ban ga laifinsa ba. Kullum da azahar, daga can inda yake, zai danna waya a kawo wa mahaifinsa tuwon Hajiya Tabawa, da nama zuƙu-zuƙu.

Amma Baba ba ya hawa ɗaki da ledarsa.

Akwai wata doguwar kujera kusa da ƙofar shiga, da ɗan tebur a gabanta. Nan yake zama. Ya buɗe robobin ya jera, ya wanke hannu da ruwan gora, sannan ya zuba wa ƙofa ido.

Duk wanda ya gifta, sai ya ɗago: "Bismillah, ɗana."

Mu kuma mun san amsar tun muna yara. "Alhamdulillah Baba, a ci lafiya." Ko tsayawa ba ma yi. Ai tayi ne, kowa ya san tayi. An yi maka, ka gode, an wuce wajen.

Na lura loma biyu ko uku yake yi ya rufe robar. Na lura wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Na ce a raina tsufa ne, ko kuwa miyar ce ba ta yi masa ba. Na shige lif da ledata.

Ranar da nake ba ku labari, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya tun safe. Na sauko ɗaukar abincina, na tarar da Baba zaune, tebur babu komai. Nasa bai iso ba.

Can sai ga mai kawowar ya shigo da gudu, jiƙe sharkaf. Ba yaro ba ne, zai haura hamsin, furfura na leƙowa ta ƙasan hular kwano. Da yake ya makara, bai dire a tebur ba, ya duba lamba ya miƙa wa Baba hannu da hannu, yana ta sunkuyar da kai.

Ya juya zai fita, Baba ya kamo hannun rigarsa.

Ya buɗe robar tuwo, ya tura ta gaban mutumin. "Bismillah."

Nan take fuskar mutumin ta canza.

Ashe a aikinsu, idan mai abinci ya buɗe ya turo maka, ya ƙi karɓa ke nan. Ƙara za ta biyo baya, kuma ƙara tana iya sa a dakatar da mutum daga aiki. Sai bawan Allah ya hau roƙo da yarensu, yana nuna ruwan sama, yana nuna agogon waya, yana mayar da robar gaban Baba da hannu biyu.

Shi kuwa Baba ya ɗauka kara ce irin ta ɗan mutunci, wadda sai an matsa. Sai ya ƙara turawa. "Haba, zauna mana, kada ka ji kunya."

Wannan ya tura, wancan ya mayar. Robar tuwo tana kai da komo a kan tebur.

Allah ya yafe min, dariya na fara yi.

Sai da na ga idon mutumin ya kawo ruwa sannan na matsa. Sinancina na kasuwa ne, bai wuce "nawa" da "rage" ba, don haka na ciro waya mai fassara na kara masa a baki.

Wayar ta ce: "Ka roƙe shi kada ya kai ƙarata. Ruwa ne ya tsare ni."

Na gaya wa Baba. Ya saki rigar da sauri. "Ƙara? Subhanallahi! Ce masa ci za mu yi tare."

Na faɗa wa wayar na nuna masa, mutumin ya karanta sau biyu. Ya kalli Baba, ya kalle ni. "Me ya sa?"

Baba ya ce: "Ce masa shekarata saba'in da ɗaya, ban taɓa cin abinci ni kaɗai ba. Na gwada. Ba ya wuce min maƙogwaro."

Na maimaita wa wayar.

Mutumin ya daɗe yana kallon rubutun. Wayarsa na ta ƙara a ƙirjinsa, wani aikin na kiransa. Sai ya yi magana a hankali, wayata ta fassara:

"Shekara bakwai ina kai wa mutane abinci. Nawa a kan babur nake ci, idan danja ta tsayar da ni."

Ya danna wani abu a wayarsa, ta yi shiru. Ya kife ta a kan tebur. Ya cire hular kwano.

Ya zauna.

Baba ya zuba masa ruwan gora ya wanke hannu. Mutumin ya nufi cokalin roba, Baba ya ture shi gefe. Ya nuna masa yadda ake gutsura, a mulmula, a dangwala. Lomar farko miyar kuka ta gangaro masa har gwiwar hannu. Baba ya yi dariya har da buga ƙafa, shi ma ya yi.

Na ga Baba yana tura masa nama gefensa da ɗan yatsa, yadda ake yi wa baƙo. Na ga mutumin ya raba tsokar biyu ya mayar da rabi.

Babu wanda ke jin yaren wani, kuma ba su sake neman wayata ba.

Ko minti goma ba a yi ba, robobin suka koma fes. Baba ne ma ya suɗe ta miyar.

Mutumin ya miƙe, ya riƙe hannun Baba da hannayensa biyu, ya ɗauki hularsa ya faɗa cikin ruwan sama da gudu. Ban san sunansa ba. Ban san ko zaman nan ya jawo masa matsala a wajen aiki ba, kuma abin yana damuna har yanzu.

Ni kuwa ina tsaye da ledata a hannu, kunya ta rufe ni. Don in wanke kaina sai na ce: "Baba, ai da ka gaya min haka abin yake, da na zauna."

Yana goge hannu, bai ko ɗago ba.

"Kullum ina gaya maka, ɗana. Kuma da Hausa."

Na fasa shiga lif. Na zauna a inda mutumin ya tashi, kujerar duk ta jiƙe. Na kwance ledata na buɗe, na tura gabansa, na ce, "Bismillah, Baba."

Ya shafa cikinsa ya yi murmushi. "Yau kam na ƙoshi da gaske. Amma ci abinka, ina nan zaune har ka gama."

Kuma bai tashi ba sai da na gama.

Darasi: Waya za ta kawo maka tuwo da zafinsa har bakin ƙofa, amma ba za ta kawo wanda zai sa hannu tare da kai ba. Mu da muka gaji tayi mun mayar da shi gaisuwar wucewa, wanda bai san shi ba ya tambayi dalili, ya zauna. Idan babba ya ce maka "bismillah", tsaya ka dubi fuskarsa kafin ka ce ka ƙoshi. Kuma kai da kake tura wa iyayenka abinci daga nesa, Allah ya saka maka, amma ka tambaya da wa suke ci.

Tura wannan ga mutumin da kuka daɗe ba ku haɗa hannu a kwano ɗaya ba, ka ce masa gobe da azahar kana nan tafe.