Saƙon da Na Kai a Filin Ulaya

Direba aka ɗauke ni, amma aikin da ya cinye mini ƙafafu a Riyad ba na mota ba ne. Lokacin nan kuɗin mai ya zubo wa Saudiyya, gari duk ya zama wurin gini. Ka wuce fili da safe, ka dawo da yamma ka tarar an kafa ƙarafa. Wani kamfanin Amurkawa nake yi wa aiki can wajen Ulaya, wadda a wancan zamanin bakin gari ce, daga rairayi sai motocin kwaɓa siminti. Babban injiniyansu nake tuƙawa, wani dattijo mai ciwon gwiwa da muke ce wa mudir. Shi kuwa duk wanda ba Bature ba sadik yake ce masa, wai aboki, don kada ya wahalar da kansa da riƙe suna.

Neman abinci ya kawo ni, ban ƙi ba, amma niyyar da na ƙulla tun daga gida ita ce in sauke farali. Shekarar farko aka ce ni sabo ne. Ta biyu aka ce aiki ya yi yawa. Fasfona yana kulle a ofis, kuma ba ka yin nisa da gari sai kafilinka, wato wanda ya ɗauki nauyin zamanka a ƙasar, ya ba ka izini. Ga ni ga Makka a ƙasa ɗaya, amma ban taɓa ganin Ka'aba ba sai a kalandar da ke rataye a ɗakinmu na unguwar Manfuha. Da shekara ta uku ta kama na ce ko ana ha-maza-ha-mata, bana sai na tsaya a Arfa.

To, Juma'a ce kaɗai ranar hutunmu, ita ma mudir ya san yadda ya yi ya raba ni da rabinta. Da zafi ya fara sauƙi, Amurkawan kamfanoni suka haɗa gasar ƙwallon ƙasarsu. Kada ka ji an ce ƙwallo ka zaci irin tamu ce. Wannan doguwa ce kamar gwanda, kuma a hannu ake rungumarta a ruga. Ana ba ku dama huɗu ku ci yadi goma. Kun ci, a sake ba ku huɗu, kun kasa, ku miƙa wa abokan karawa. Kamfani ya hana kokawa saboda kada injiniya ya karye, don haka kowa yana soke tsumma a ƙugu, in an fizge naka to an kama ka. Bayan kowane yunƙuri sai a tsaya, 'yan wasa su haɗa kai wuri guda kamar masu gulma, a faɗa musu dabarar da za a yi, sannan su jeru. Minti ɗaya na gudu, minti biyar na shawara. Ranar da na fara gani na ce yau ga wasan malalata.

Ashe ni ne zan yi gudun da su ba sa yi. Mudir a ƙasarsu ya taɓa koyar da wasan a makarantar sakandare, kuma bai yarda wani ya zaɓi dabara ba sai shi. Bai iya shiga fili saboda gwiwa. Ya gwada yin alama da hannu, 'yan wancan ɓangaren suka gane alamun. Sai ya waiwayo ya gan ni ina gyangyaɗi a inuwar mota. Daga ranar na zama ɗan aike. Zai ja wuyan rigata ya raɗa mini launi, da lamba, da dama ko hagu, in sheƙa in raɗa wa mai jifa, wato saurayin injiniyan da ƙwallo ke fara shiga hannunsa, in sheƙo in dawo. Turancina a lokacin bai wuce na hanya ba, amma wanda ya yi makarantar allo ba a koya masa hadda. Ban taɓa zubar da kalma ɗaya ba, kuma wannan ƙwazon shi ya ja mini.

Sannu a hankali na fara gane abin da nake ɗauka. Mudir mutum ne mai rowar dabara. Kusan kullum abu ɗaya yake aika ni da shi: a miƙa wa wani ƙaton mai kula da injina ƙwallo, ya bi ta dama, ya ci yadi uku ko huɗu, a fizge masa tsumma. A sake. A kuma sakewa. Mai jifa kuwa jininsa na tafasa, so yake ya wurga ta can nesa mata su yi tafi. In na kawo saƙo sai ya harare ni ya ce, "Kuma dai?" kamar ni na ƙirƙira. Wata Juma'a ya yi gaban kansa, ya canza dabara, ya wurga, ƙwallo ta faɗa hannun abokan karawa. Mudir ya balbale ni da faɗa wai me na faɗa masa, shi ma mai jifan ya taso mini wai na yi magana ƙasa-ƙasa. Su biyun ba su ce wa juna uffan ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Na haɗiye, na koma inuwar mota.

A hanyar gida ranar nan mudir ya huce, ya shiga yi mini bayani da gurguwar Larabcinsa, ni kuwa ban tambaye shi ba. Ya ce shi ba ƙwallo yake turawa dama ba, labari yake ba mutanen can. Kowane mako yana gaya musu cewa shi tsoho ne mai dabara ɗaya, kuma ranar da suka gama yarda, ranar zai karɓi abinsa. Yana da wata dabara da ya ajiye, har sunan kakarsa ya sa mata. Mai jifa zai yi kamar ya miƙa wa ƙaton, ƙaton ya rungume iska ya ruga dama, kowa ya bi shi. Ƙwallo kuwa tana ɓoye a bayan cinyar mai jifa, sai wani siririn akawu da ba a taɓa ba shi komai ba ya sulale ta hagu shi kaɗai, a wurga masa. Sun gwada ta a ɓoye bayan rumbun siminti, amma ba su taɓa yin ta a gaban mutane ba. Ya ce irin wannan sau ɗaya ake cin ta. Na ce to, Allah ya ba da sa'a, ni dai bayana ciwo yake.

Da watan Zulhajji ya matso na same shi a ofis na roƙi izini. Ya saurare ni da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai ya ce wasa biyu suka rage. Na wannan Juma'ar, in an ci su, gasa ta ƙare musu, zai sa hannu, har guzuri zai ƙara mini. In kuwa suka ci, to wasan ƙarshe an sa shi cikin hutun babbar salla, don lokacin ne kowa ba ya aiki, kuma ba shi da wani direba ko wani ɗan aike.

Na ce, "Mudir, wannan hutun ai saboda aikin Hajji aka ba da shi."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Sadik, Makka ba inda za ta je. Baɗi ni da kaina zan sa a kai ka."

Ba mugunta ba ce, wallahi. Bai dai san abin da yake taɓawa ba, kuma ni ba ni da bakin da zan fahimtar da shi.

A ɗakinmu akwai wani dattijon magini mutumin Damagaram, muna ce masa Baba. Ya yi Hajji tuni, kuma bana ma shi zai ja ayarin 'yan ɗakin. Safiyar Juma'ar muna shan shayi da gurasa na kwashe labari na gaya masa. Ya ajiye kofi ya dube ni.

"Yaro, kai wane irin bawan Allah ne? Saƙon nan ba a bakinka yake ba?"

Na ce a bakina yake.

"To! In tsohon ya ce hagu, ka ce dama. Shi da yaron nasa ba ka ce ba sa ga-maciji ba? Kowa zai ɗora wa ɗan'uwansa. A ci su, ka zo mu hau mota. Wasan tsumma ne fa, ba gadon marayu ba."

'Yan ɗaki suka fashe da dariya. Na ce, "Baba, in je ɗakin Allah da saƙon da na karkatar?"

Ya ce, "Oho. Ni dai na ga ana istigfari a can, wurin ma ya fi ko'ina karɓa." Ya ɗauki kofinsa. Can kuma ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Wanda ya ci ladan kuturu dai dole ya yi masa aski. Ka je ka yi abin da za ka iya kwana da shi."

Bayan an sauko daga masallaci na ɗauko mudir muka tafi fili. Ban taɓa yi wa mutanen da nake tare da su fatan faɗuwa ba sai ranar, kuma abin ya yi mini ɗaci. Duk lokacin da aka fizge tsumman ƙaton sai in ji sanyi a raina, sannan in ji kunya. Mudir bai canza hali ba. Dama, dama, dama. Na yi ta safa da marwa tsakanin bakin fili da 'yan wasa har rigata ta manne a jikina, ina tunanin inda ya kamata a ce ina wannan kai-komon.

Rana ta yi ƙasa, lokaci ya kusa cika, mu ne a baya da ɗan kaɗan. Cikin damar nan huɗu, uku sun tafi, saura ɗaya. Na dubi 'yan wancan ɓangaren, duk sun karkata wajen ƙaton tun ba a fara ba, har mai tsaron hagunsu ya baro wurinsa. Sun gama yarda. Gabana ya faɗi tun kafin mudir ya ja wuyan rigata. Ya raɗa mini sunan kakarsa.

Tsakanin bakin fili da inda suka haɗa kai ba nisa, amma na ji maganar Baba tiryan-tiryan a hanyar. Abin da zan ce a shirye yake, na faɗe shi ya fi a ƙirga: a ba ƙaton, ta dama. Ba wanda zai yi mamaki. Na isa, mai jifa ya miƙo kunne yana yamutsa fuska, ya riga ya san abin da zai ji. Na buɗe baki, sunan tsohuwar nan ya fito.

Mutane in na ba su labarin sukan ce tsoron Allah ne. Ina fata haka ne. Amma ni da na tsaya a wurin na san har da sabo, bakin da ya saba kai saƙo yadda aka ba shi bai iya wani abu ba. Mai jifa ya zaro ido, ya yi murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ban ma koma bakin fili da gudu ba, tafiya na yi. Ina juyowa na ga ƙaton ya rungume iska, jama'a duk sun bi shi, akawun nan kuwa yana can hagu shi kaɗai kamar wanda aka manta a tasha. Ƙwallo ta tashi ta sauka a hannunsa.

Filin ya kaure da ihu. Mudir ya jefar da sandarsa ya rungume ni yana bubbuga bayana, yana cewa sadik, sadik, ka gani? Na gani mana. Na ɗauko masa sandar, na buɗe masa ƙofar mota, na kai shi gida. Duk hanya yana ba ni labarin abin da aka yi a gabana.

Su Baba suka tafi da haramansu a ƙunshe cikin jaka. Ni na kai su inda motar take, na taya su ɗora kaya. Baba bai yi mini gori ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ranar Arfa na yi azumi ni kaɗai a ɗaki, ina jin talbiyya a rediyon maƙwabta, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Wasan ƙarshen kuma aka lallasa mu. Ajiyar ta riga ta ƙare, kowa ya san da akawun, ƙaton kuma ya ci naman salla ya yi nauyi. Na yi ta gudu da saƙonni har magariba, ba ko ɗaya da ya yi amfani.

Baɗin da aka yi mini alkawari bai same mu tare ba. Kafin zafi ya kama, ciwo ya mayar da mudir ƙasarsu. Wanda ya gaje shi ya zo da direbansa, aka ƙi sabunta mini iƙama, wato takardar izinin zama, aka miƙo mini fasfona a filin jirgi. Na ce ba komai, zan tara in dawo ta hanyar da kowa ke bi. Sai aure, sai 'ya'ya, sai kujera ta yi ta tsada tana gaba ina binta a baya.

Ranar da na isa gida, tun daga bakin layi yara suke ihu Alhaji ya dawo. Wa zai shekara uku a Saudiyya bai yi Hajji ba? Mahaifiyata ta shimfiɗa mini tabarma, ta ƙi kallon rediyo da bargon da na kawo mata, ta ce ina zamzam ɗinta. Akwai wata 'yar jarka da Baba ya ɗebo mini. Na miƙa mata, na ce, "Inna, wani ne ya ɗebo. Ni ban je ba." Ta karɓi jarkar. Sannan ta zuba a murfi ta sha, ta shafa sauran a fuska, ta ce Allah ya kai ni.

Na gaya wa mutanen unguwa gaskiya, na kuma gaya musu, har na gaji da gyara. Yau jikokina ma Alhaji suke ce mini, kuma har yanzu ban je ba.