Sunan da Kaka ta ƙi faɗa a kan tudu

Ni malamar Ingilishi ce a wata kwaleji a Madawa, kuma tambayoyin ɗalibaina ba sa canjawa daga shekara zuwa shekara. Wani zai ɗaga hannu ya ce, "Madan, ƙaƙa kalma guda za ta zan kai, ta zan ke, ta koma ta zan ku?" Wata kuma abin da ya dame ta shi ne a ce wa da ƙane duk kalma ɗaya ake kiransu da ita, wai ina ladabi a nan. Akwai mai son sanin dalilin da ya sa za a rubuta harafi kuma a ƙi furta shi. Ina amsawa iyakar sanina, in sun matsa mini in ce su haddace kawai, ba ni na ƙirƙiro harshen ba. Amma darasin farko, wanda ake koya wa yaro ya dubi mutum ya tambaye shi sunansa, ban taɓa koyar da shi ban tuna kakata ba.

Kakata ce ta wajen uba. A ƙauyenmu da ke kusa da Tabotaki kowa Ta Garhanga yake ce mata, don daga can aka auro ta, mu jikoki kuma Kaka muke cewa. Lokacin ɗari, da an sauke tuwo an ci, sai mu cika ɗakinta. Takan hura wutar kara a tsakar ɗaki, ta tura gujiya cikin toka, hayaƙi ya cika mana ido amma ba mai fita. Rowar gujiya gare ta, Allah ya jiƙanta, sai ta ba ka ƙwaya biyu ta ce ka ci a hankali. Ni ƙawarta ce, jikoki maza kuwa duk angwayenta ne, kullum tana yi musu gorin sun aure ta sun kasa saya mata ko ɗankwali. Ina kewar ɗakin nan ƙwarai, har warin hayaƙinsa da yake kwana a zanena.

Tana da yadda take buɗe tatsuniya. Sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata nan tahe, ƙahwarta duk ƙaya." Mu kuma mu haɗa baki, "Ta shigo mu cire mata!"

Wadda na fi so ita ce ta mutumin da dodon tafki ya haɗiye. Wai ya kai shanunsa shan ruwa ne da rani, dodo ya kama shi ya nutse da shi. Gari ya taru a bakin tafki ana kuka. Sai dodo ya ɗago kai ya ce in akwai nasa a cikinsu, ya kira shi, in ya amsa zai sake shi. Abokansa suka yi ta ƙwala kiran sunansa har muryarsu ta dushe, ruwa ko motsi. Aka kawo sanƙiran gari mai babbar murya, ya kira sunan har da na uba da na kaka, shiru. A ƙarshe aka turo matarsa gaba, aka ce ta kira, yau ba ranar kunya ba ce. Ta tsaya a bakin ruwa, ta buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Mata suna zungurinta, maza suna zaginta. Can sai ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, a nan Kaka takan sirantar da murya, "Kai, hito mana, tuwo na hucewa."

Nan take ruwa ya hautsine. Mutumin ya yi ta shure-shure a cikin dodo har dodo ya amayo shi a kan gaɓa. Dodo ya ce tun safe ake kiran sunan nan mutumin yana kwance abinsa, amma wannan da ta ce "kai" saura kaɗan ya fasa masa ciki.

Ni kuwa tun ina ƙarama bakina ba ya shiru. Na ce mata to in da wani namijin ne daban a cikin dodon ya fito fa? Ta harare ni ta ce, "Ke ƙawata, kai nawa ag gare ta?" Yara suka fashe da dariya. Wani ya tambayi sunan mutumin, ta ce ita ma ba a gaya mata ba, kowa ya kwashe kunnensa ya tafi ya kwanta.

Mun san dalilin da ya sa take son wannan tatsuniya. Kakanmu Shaibu ya rasu tun ba a haife ni ba, amma ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ko ɗan maƙwabta mai wannan suna, "mai sunan mutanen gida" take ce masa. Mun sha haɗa mata tarko, mu nuna yaron mu ce mun manta sunansa, sai ta jefe mu da ɓawon gujiya. Haka kuma ɗanta na fari, wan babana, Baba Asumana, shi ma ba ta kama sunansa. Ya tafi cin rani Gana tun yana saurayi, ya sami aiki a tashar jiragen ruwa a Takoradi, ya yi aure can ya zauna. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan na bakin ruwa". Da ya haifi ɗa namiji ya sa masa sunan mahaifinsa, Shaibu. Yaron ya tashi da Ingilishi da yaren uwarsa, Hausa kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba, don uban ba mazaunin gida ba ne.

Shekarar da na shiga kwaleji a Buza ita ce shekarar da babana ya sayi salula. A cikin gari ba a samun rezo, wato sabis ɗin waya, sai an hau tudun duwatsu da ke bayan gonaki. Da na zo hutu aka shirya ranar kasuwa za a haɗa Kaka da mutanen Takoradi, aka ce ni zan yi tafinta tunda na fara angile, kamar yadda ake ce wa Ingilishi a wajenmu. Na yi ta fankama ranar. Kaka ta ɗaura zanenta na biki, sai ka ce yaron zai gan ta ta cikin wayar, ta hau tudun nan da sanda tana hutawa a kan duwatsu.

Baba Asumana ne ya fara magana. Uwa da ɗan fari, gaisuwar ba ta yi tsawo ba. "Lahiya lau. Kuna lahiya? To, madalla." Shi ke nan, ta miƙo mini wayar. Sai na ji muryar yaro, siririya, yana magana da sauri. Ya maimaita, na gane, har na yi murna, domin darasinmu na farko ne. Cewa yake, "Kaka, kin san ni? Mene ne sunana?"

Na juya mata maganar. Ta yi dariya ta kau da kai ta ce, "Ce mashi angona na. Ce mashi tun da anka ɗaura armenmu ya bar ni da yunwa, ko goro bai aiko ba."

Na lalubo kalmomin da nake da su na ce masa ta ce shi mijinta ne. Bai gane ba. Ya za a yi yaron da ya tashi a Takoradi ya san wasan kaka da jika? Can ya sake cewa, wannan karon muryarsa ta sauka, "Ta faɗi sunana." Na ce, "Kaka, so shikai ki hwaɗi sunanshi da bakinki." Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe zane a kasuwa. "Ke ma kin san ba ni iyawa," ta ce. Na gaya masa ba za ta iya ba. Ya ce me ya sa.

Na san kalmar da ake fara ba da dalili da ita, mun yi ta a aji. Na furta ta, na tsaya. Ingilishina a lokacin ya iya ƙirga kujeru da faɗin ranakun mako, amma ba shi da abin da zai ɗauki wannan magana. Ina nan ina in'ina na ji an ajiye wayar, na ji takun yaro yana gudu. Baba Asumana ya ɗauka yana dariya, ya ce a rabu da shi, yaro ne. Shi a wajensa abin a fili yake, bai ga abin da za a bayyana ba.

Da yammar ranar Kaka ba ta yi tatsuniya ba. Ta zauna tana tona toka da tsinke, ta ce, "Ƙawata, angona ya yi hushi ko?" Na ce zai huce. Ta ce to in koya mata angile, ko kalma biyu ce, yadda ake ce wa mutum ya zo gida. Na koya mata. Ta yi ta maimaitawa da bakinta marar haƙora, kalmomin suna fitowa a karkace, muna ta dariya har da ita. Hutu ya ƙare na koma Buza. Daga baya na ji ko an kira Takoradi yaron ba ya yarda ya karɓi waya. Ina shekarar ƙarshe a lise, makarantar gaba da kwaleji, ta rasu, ba su sake jin muryar juna ba.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar dodon nan a matsayin labarin ban dariya na mace mai kunya. Sai da na girma na ga abin da Kaka take nufi: a wajenta suna na kowa ne, ɗan kasuwa ma ya san shi, wanda ya fi kusa da kai shi ne ba ya taɓa shi. Abin da ba ta sani ba, mutumin cikin dodo ya ji "kai" ya gane ne don a gari ɗaya suka tashi da matarsa. Shaibu a wata ƙasa ya tashi, inda in ana sonka ake kiran sunanka. Kowannensu ya miƙa wa ɗan uwansa abin da ya fi daraja a wajensa, ni da ke tsakiya kuma harshena bai kai ba.

Shekaru sun wuce kafin Shaibu ya neme ni. Ya sami lambata a wajen babansa, muka fara gaisawa da Ingilishi, yana ce mini Yaya, kalmar Hausar da ya riƙe. Wata rana ya fito da maganar da kansa. Ya ce tun ranar nan ya ɗauka Kaka ba ta karɓe shi jika ba, don uwarsa ba Bahausa ba ce, kuma uwar tasa ma haka ta ɗauka ta yi shiru da abin a ranta. Na yi masa dogon bayani, yanzu da nake da kalmomin. Ya ce ya gode, ya fahimta. Irin fahimtar da ɗalibaina suke cewa sun yi ce in sun ga an kusa tashi.

Bara ya kira ni ya ce matarsa ta kusa haihuwa, in mace ce yana so ya sa mata sunan Kaka don ya faranta wa babansa, amma ya tambayi tsohon ya ƙi faɗa. Na buɗe baki zan gaya masa, sai na ga ni ma ban sani ba. Na tambayi babana, ya ce in bar shi da wannan magana. Sai da na hau mota har Garhanga, na sami wata tsohuwa taubashiyar Kaka da ta rage. Ta yi dariya har da tari ta ce, "Ramatu mana! Ramatu mai rowa. Ashe hal ta mutu ba ta ba ku ko sunanta ba?"

Mace aka haifa, aka raɗa mata Ramatu. Bayan suna da ƴan makonni Shaibu ya kira ni da rana ina tsakiyar gyaran takardun ɗalibai, muryarsa wata iri. Ya ce tun da aka yi suna babansa bai kira yarinyar da sunanta ba ko sau ɗaya, Inna yake ce mata. Kullum yana ɗauke da ita, in ta yi kuka ya riga uwarta tashi, amma sunan ya gagare shi. Ya ce jiya ya matsa masa, tsohon ya buɗe baki ya kasa, sai hawaye.

Na ajiye biro. Sannan ya ce, "Yaya, bayan ranar nan, Kaka ta sake nemana?"

Ban taɓa gaya masa ba, don ban ga amfanin ɗora masa ba, amma tunda ya tambaya sai na faɗa. Na ce duk ranar kasuwa sai ta sa babana ya kai ta tudun nan, ko za a dace ya karɓi waya ta gaya masa kalmominta biyu. Da ƙafa ta ƙi, a kan jaki ake hawa da ita.

Ina jin numfashinsa, can bayansa kuma jaririya ta fara kuka, sai muryar Baba Asumana, ta tsufa ƙwarai, da Hausar garinmu da bai yar ba: "Yi shiru, Inna. Yi shiru, ga ni nan."