Hammadu Mai Tura Fim da Benen Aro

Duk wanda ya shiga kasuwar Magariya ta wajen ƴan moto ya san rumfar Hammadu, dogon saurayin nan da ke tura wa mutane finafinai a waya. Rumfata ta ɗinki tana jikin tasa shekara shida ke nan, don haka na ji kukan Indiyawa da naushin Sinawa fiye da yadda na ji ƙarar kekena.

Ɗan Waca ne. Ya yi lakwal, wato boko, har kwaleji, sai lissafi ya kore shi, ko shi ya kori lissafi, har yau ba a tantance ba. Amininsa tun suna yawo ba wando shi ne Muttaƙa. A lokacin akwai gidan kallo a Waca, zagaye da zana, zanar kuma tana da rami guda, daidai ido ɗaya. Hammadu ya leƙa yana ba da labari, in idonsa ya gaji Muttaƙa ya karɓa. Kowane fim rabi suka gani, rabi suka ji daga bakin juna. Haka Muttaƙa ya tashi: abin da Hammadu ya ce ya gani, to ya gani.

Shekara uku da suka wuce Muttaƙa ya tafi Aljeriya, yana ɗaukar bulo a shantiye, wurin gine-gine. Ya yi ta jan Hammadu su tafi tare, ya ƙi.

"Kawu," ya ce mini, "na zagaye duniya ina zaune a kan bencin nan. Kowane fim, in jarumi ya gama wahala, gida yake komawa. To ni da nake gida, me zai sa in je in fara daga farko?"

Na ce, "Ragwanci dai ya samu lauya."

Amma abu guda yana ci masa rai. Bai taɓa ganin Nijar a fim yadda yake so ba. In baƙi suka ɗauko mu, sai rairayi da ramammiyar akuya. Yakan ce, "Kamar ba mu da ranar Salla!"

Bara da damina Muttaƙa ya aiko saƙon murya. Ya ce bayan kaka zai dawo gida gaba ɗaya, amma kafin nan a ɗauko masa gari a waya ya gani, kewa ta dame shi.

Hammadu ya ƙi cin abinci don tunani. Ya ce mini Muttaƙa ɗaki guda yake kwana da ƴan Mali da ƴan Gine, kuma dole su leƙa wayar. Ba za a yi wa ƙasarsa dariya a hannunsa ba.

Sai ya shirya fim sosai. Ya roƙi Alhaji Ɗan Azumi, mai fataucin gyaɗa, ya ara masa ƙofar benensa da mota na rabin yini. Ni na ba da kayan mutane da na ɗinka ba a zo karɓa ba, Allah ya yafe mini. Ya tara samarin Waca shida, kowa cikin shadda, ya zaunar da su kan kujerun roba da lemu mai sanyi a hannu, ya hana su sha sai an gama ɗauka. Nafi, ƙanwar Muttaƙa, ta sha leshi har uwarta ta gaishe ta a hanya. Hammadu kuwa ya fito daga mota yana kaɗa makulli. Sau huɗu ya fito, don ƙofar tana cijewa. Ya ɗora kiɗa a kai, ya tura.

Kwana ɗaya shiru. Mako ɗaya shiru. Hammadu ya ce matsalar rezo ce, layin waya ne ba kyau.

Ranar kasuwa da hantsi, sai ga Inna Amarya, mahaifiyar Muttaƙa, ta sauko daga taksin Waca. Ta haura sittin, amma sunan bai sake ta ba. Ko gaisuwata ba ta amsa ba, ta tsaya a gaban Hammadu.

"Kai, ɗan nan, me ka nuna wa ɗana?"

"Gari ne, Inna."

"Garin wa? Jiya ya kira ni, ya ce ba bana ba, wataƙila ba baɗi ba. Ya ce sa'o'insa duk sun yi shadda, kai ka yi bene ka yi mota. Shi da zai dawo da jaka ɗaya da ciwon baya, da wane ido zai shiga Waca? Na ce masa ƙarya ce, ya ce Hammadu bai taɓa yi masa ƙaryar abin da ya gani ba."

 Hammadu ya kashe fim ɗin da ke tafiya, ya ce, "Inna, ki jira ni, tare za mu koma."

Ni ma na rufe rumfa na bi su, tun da da kayana aka yi ɓarnar.

A Waca bai sa kiɗa ba, bai sa kowa ya canza riga ba. Ya fara da ƙafarsa.

"Muttaƙa, ga silifas ɗin mai bene, ka ga inda na ɗaure shi da waya. Motar ta Alhaji Ɗan Azumi ce, ko tuƙi ban iya ba. Ga Kawu, shi ya ba da shaddar."

Na ce, "Muttaƙa, in masu kayan sun kama ni, kai za ka kawo mini fura gidan kaso."

Ya bi samarin nan shida har gona. Ya same su suna yankan gero, ƙura har gira, suka yi ta ɗaga wa waya lauje suna yi wa Muttaƙa tsiya, wai ya je ƙasar Larabawa ya manta kaifin kara. Ya ɗauki Nafi tana roron wake. Ya ɗauki rumbun gidansu da ya karkace, Inna tana gefe tana cewa ba ta bari kowa ya taɓa shi ba, mai gyara yana hanya. Daga ƙarshe ya je inda gidan kallo yake a da. Yanzu kangon awaki ne. Ya juyo da wayar kan fuskarsa.

"Na so ƴan ɗakinku su ga ƙasarmu da kyau, sai na ɓoye maka ita. Wannan ce. Ni dai ban ga wadda ta fi mini ita ba. Idona ya gaji, Muttaƙa. Zo ka karɓi naka rabin."

Washegari amsa ta zo, gajeriya: "Kai maƙaryacin banza. Ka ce wa Inna kada a taɓa rumbun."

Muttaƙa ya iso bayan an gama ɗaure damman gero, da azahar, da jaka ɗaya kamar yadda ya faɗa. Ya rame, yana tafiya a ɗan karkace. Hammadu ya je tasha tun safe yana jira. Da suka haɗu ba su rungume juna irin na fim ba. Muttaƙa ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, ina motar?"

"Tana wurin mai ita."

Daga baya na tambayi Muttaƙa wane fim ya nuna wa ƴan ɗakinsu. Ya ce na farko mana, har ɗan Gine ya ce zai zo neman aiki Magariya. Na biyun bai nuna wa kowa ba. Shi kaɗai ya yi ta kallo a bayan tarin bulo, lokacin hutun rana, har wayar ta mutu.

Rumbun ya miƙe yanzu. Su biyu suka gyara shi, Hammadu yana ba da umarni, Muttaƙa yana aikin.