Mai Atamfa a Hammata

Tun hantsi Inna Suwaiba mai fura take kallon wani mutum a tashar Kaura. Dogo ne, rigarsa ta sha guga, ga sabuwar atamfa matse a hammata. Motar Zurmi ta uku ke cika, shi kuwa sai kai-komo yake. Ya cire hula, ya mayar, leɓɓa na motsi babu carbi.

"Ɗana, haddar ban haƙuri kake? Surukai ba su cin mutum."

"Inna, wa ya ce miki biko za ni?"

"Bakinka na musu, ƙafarka na fuskantar mota. Idda dai ba ta jiran mai jin nauyi."

Direba na tayar da mota, sai ga dogon ya cusa kai ciki. Hular ta faɗi ƙasa, ko waiwaye bai yi ba.