Inda Yaya Ya Tsaya

Shekarar da aka yi babban taron ƙasa, lakol, wato makarantar boko, ta fi zama a rufe saboda yajin aiki. Lokacin ne yayana, direban taksi tsakanin Agiye da Maraɗi, ya sayo mana na'urar wasa daga Jibiya. Mukan haɗa ta da ƙaramin talabijin da batirin mota, a zaure, bayan la'asar.

Kaset ɗin da ya zo da ita kashi na biyu ne na wani wasa, kuma kowa ya san shi da mugunta. Wani ɗan mutum ne riƙe da takobi zai ƙetare gada, tsuntsaye na kawo masa sura, ya faɗa ruwa, a mai da kai farko. Na fi wata biyu ban wuce gadar nan ba. Yaya ya wuce, har ya kai wata baƙar ƙofa. Kaset ɗin yana riƙe inda kowa ya tsaya, kowa da gurbinsa.

"Auta, kar ki taɓa nawa," ya ce. "In na dawo zan shiga."

Da bazara sanƙarau ya kama shi a Cadawa. Kwana uku aka yi.

Bayan sadakar arba'in na kunna. Kiɗan na tashi, na ji ƙwarya ta faɗi a tsakar gida. Inna ta shigo da gudu ba ɗankwali, tana duban bayana, wurin da yake zama. Na nuna mata ɗan mutumen a talabijin, tsaye a bakin baƙar ƙofar.

"Shi ya bar shi nan?"

"Shi ne, Inna."

"To bar shi ya jira."

Ban taɓa ba. Nawa na ci gaba da yi, ina son in isa inda ya isa in ga abin da ya gani. Babban yatsana ya yi kanta. Wani lokaci sai in ji kamar an yi tsaki a kafaɗata in na faɗa ruwa, in waiga, ba kowa.

Ana saura kwanaki a yi zaɓe na kunna, na tarar gurbinsa fayau. Nawa ma ya goge. Wani mai gyaran rediyo ya ce ɗan batirin da ke cikin kaset ɗin ne ya mutu.

Inna ba ta sake shiga zauren ba, amma takan tambaye ni tana tankaɗe, ba tare da ta ɗago ba, "Yana nan?"

"Yana nan, Inna."

Haka na riƙa ce mata har ta rasu.