Akwatin Ɗana Daga Basunda

Mun tashi da asuba daga Gadarif, mu uku ne 'yan gida: ni, da ɗiyata ta biyu wadda ta yi madarasa har ta iya karanta jarida, da ƙanin marigayi mijina, wanda aka haɗa mu da shi don a ce da namiji a tafiyar, ko da yake barci kawai ya yi mana. A lorin akwai direba, wani baƙin Balarabe marar magana, da Habashawa biyu masu komawa Gallabat da gishiri, da wata mata mai albasa, da jango wajen goma, wato 'yan ƙwadago masu bin yankan riɗi. Matar ɗana ba ta zo ba, tana takaba. Ɗiyar tawa ce ke rubuta wannan, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Ga abin da ya fitar da ni. Ɗana na fari ya daɗe yana tuƙin babur, haka muke kiran tarakta a nan, a wani mashru'i bayan Basunda, irin gonakin dawar nan da ido ba ya kai ƙarshensu. Zazzaɓi ya kama shi a tsakiyar damina, hanya a rufe, ya rasu aka binne shi a can. Labari bai same mu ba sai da ya kwana tara a ƙasa.

Yana da wani akwatin ƙarfe cike da littattafai. Kowane rani da shi yake dawowa, kowace damina da shi yake komawa. Duk ya yi musu riga da takardar buhun siminti. Ni ban yi karatu ba, ko na allo ban wuce abin salla ba, amma na san rubutun Larabci in na gan shi, kuma a gidanmu aka koya mini ba a taka shi, ba a tsallake shi. Don haka in ya zo, saman rumfa nake ɗora akwatin, ba mai taɓawa sai da tsarki. Na sha faɗa wa maƙwabta cewa ɗana direba ne da rana, amma mai neman ilimi ne. In na faɗa a gabansa sai ya sunkuyar da kai. Na ɗauka tawali'u ne. Ranar sadakar arba'in na sa aka kira limamin unguwarmu, na yi masa alkawari a gaban maza cewa da zarar hanya ta buɗe zan ɗauko akwatin in kai masallaci wakafi, duk wanda ya karanta lada ya iske ɗana a kabari. Liman ya sa albarka, maza suka ce amin. Da wannan alkawarin na hau lori.

Hanyar ba sai na faɗa wa wanda ya san ƙasarmu ba. Baƙar laka ce, da rani ta tsage har ƙafar akuya ta faɗa, da damina ta riƙe taya kamar mai bin bashin rai. Mun same ta rabi a bushe rabi a jiƙe. Dama da hagu dawa ta fitar da kai, riɗi kuma an yanke an tsayar da dammuna suna shan rana. A Doka muka tsaya, Habashawan suka sauka don kama hanyar Gallabat. Na sha shayi da aka yi wa rowar sukari, kuɗinsa kuwa ya ninka na bara. Mai shayin ta wanke kofuna shida a ruwa guda, ina kallonta, ta san ina kallonta, ba ta sauya ruwan ba. Ɗiyata ta sayo ful, wato dafaffen wake, da gurasa, ta ci kaɗan ta ture. Tun fitowarmu take shiru, na ce a raina kewar wanta ce.

Bayan azahar muka isa kambo, wato bukkokin ma'aikatan gona. Bukka bakwai ce ta ciyawa, da gangunan man babur, da hafir, wato haƙaƙƙen tafki na ruwan sha, wanda shanu ma a nan suke sha. Wani tsoho Bahaushe mai dafa musu abinci ya tarbe mu, ya kai ni kabarin. A gindin wata ƙaya yake, sun kewaye shi da tsofaffin fayafayan garma don kuraye. Na yi addu'a. Ban yi kuka a gabansu ba. Suka kawo mana asida, wato tuwon dawa, da miyar busasshen kifi, gishiri ya yi yawa, na ci don kada su ji kunya.

Da aka fito da akwatin sai duk suka taru suka yi tsaye. Tsohon ya durƙusa ya ce in bar musu ko biyu, marigayi yakan karanta musu ranar da ruwa ya hana aiki, yana juya musu da Hausa da Larabcin kasuwa. Ya ce ranar karatu ba a faɗa a kambo. Raina ya yi fari, na ce ashe har wa'azi yake yi musu. Amma na ce a'a, na riga na ba masallaci. Sai na ga sun kalli juna. Tsohon ya buɗe baki, ya dubi ɗiyata, ya rufe.

Akwai wani dogo ɗan Janub, wato mutumin kudu, Kirista, da tsagar goshi. Ya zo da littafi guda mai yagaggen gefe daga bukkarsa, yana share shi da gefen riga, ya ce wannan ba a ƙarasa musu ba. Na fizge daga hannunsa, na ce wa ya ba shi izinin taɓa wannan. Ya tsaya hannunsa a buɗe, sannan ya juya ya tafi.

Washegari muka kamo hanyar gida a lorin nan dai, an loda masa riɗi, mai albasa ma ta sayar ta dawo. Ruwa ya sauka a gabanmu ba mu sani ba. Da hantsi motar ta nutse a wani kwari har gindi. Maza suka sauka sarar ƙaya suna cusawa ƙarƙashin taya, mu muka zauna a kan buhuna, akwatin a cinyata. Na ce wa ɗiyata ta ɗauko ɗaya ta karanta, ladan ya fara tafiya tun daga nan. Ta ce ba ta da alwala. Na miƙa mata buta. Ta ce rana na dukan idonta. Na yi mata inuwa da mayafina.

Ta fara. Larabcin littafi ba irin namu na kasuwa ba ne, irin na huɗuba ne, don haka na ɗaga hannu, in ta numfasa in ce amin. Mai albasa ma ta taya ni. Amin na huɗu ne ɗiyata ta rufe littafin.

"Inna, ki sauke hannunki. Ba addu'a ba ce."

"To mene ne?"

"Riwaya ce. Labarin ƙirƙira. Nan ana faɗin yadda idon wata yarinya yake."

Na ce ta ɗauko wani. Ta ce duk haka suke, duka talatin da 'yan kai. Na tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun tana budurwa, shi yake ara mata a ɓoye.

"Kuna kallona ina ɗora su a sama?"

"Wa zai iya faɗa miki, Inna?"

Ban mare ta ba, da jama'a. Can na ce tunda an kai nan, sai na ji da kunnena abin da ya riƙe ɗana shekara da shekaru. Ta riƙa ɗaukowa ɗaya ɗaya, ta karanta kaɗan, ta juya mini da Hausa, ta ba ni sauran a taƙaice, don da yawa ta san su.

Na farkon na soyayya ne. Wani saurayi a wani birni na bakin teku yana son yarinya, yana rubuta mata wasiƙa, ba ya aikawa. Ita tana tsaye a taga. Kaurin littafin ya kai tafin hannu, kuma abin da gwaggo guda za ta gama da safe ɗaya ne. Na tambaya ina uwar yarinyar duk wannan tsayuwar taga, aka ce ba a ambace ta ba. Ba mai girki a littafin, ba mai salla, ba mai zuwa gona, kuka kawai. Mai albasa ta share ido ta ce ita dai ya taɓa ta. Na ce mata albasa ce.

Na biyu na kisan kai ne. An kashe wani attajiri a gidansa, wani ɗan sanda mai wayo yana bin mutanen gida da tambaya. Wannan na saurara, ba zan ɓoye ba. Da aka zo inda surukin mamacin ya ƙara abinci ranar zaman makoki, ya kuma san inda mabuɗin sito yake ba tare da ya tambaya ba, na ce shi ne. Ɗiyata ta ce ai da saura da yawa. Na ce ta duba ƙarshe. Ta duba, shi ne. Ƙanin mijina, da na ɗauka barci yake, ya yi dariya ya ce da ni aka ba aikin da littafin bai wuce shafi uku ba.

Akwai na yaƙin sarakunan da, sunaye kamar tsakuwa, kowa ɗan wane jikan wane, ana ta sare kawuna. Na ce ta ajiye. Akwai na aljanu a wani kango, wannan bai tsorata ni ba, kakata ta fi shi iyawa. Sai na wasu mutane da suka shiga tukunyar ƙarfe suka tashi zuwa wata tauraruwa, inda rana biyu ke fitowa. Na ce ƙarya tsirara, kuma in da gaske ne, ina alƙiblarsu, da wace ranar suke buɗa baki? Wani jango da ya biyo mu a motar ya hau shan ruwa, laka har gwiwa, ya ce a kambon ɗana ya taɓa aiki, wannan ne suka fi so, sau uku marigayi ya karanta musu. Ya ce in mutum ya yi wata huɗu ba ya ganin komai sai dawa da sauro, yana son a ce masa akwai wani wuri. Sai na hango littafin da na fizge a hannun ɗan Janub, na gane shi da yagewar gefe. Ɗiyata ta ce na biyun na tauraruwar ne, ci gaban labarin.

Na ƙarshen da ta ɗauko ya fi duka tsufa, gefensa baƙi da man babur. Ta ce wannan ba ta taɓa gani ba, bai ara mata ba. Ba abin da ke faruwa a cikinsa. Wata mata ce a ƙasar sanyi, mai wankau, mijinta ya mutu, tana riƙe da yara. Ba ta dariya. Yaronta ya fasa fitila ta doke shi, ya kwana da yunwa, da safe ya tarar ta ɗinke masa rigarsa, ba ta ce masa komai ba, shi ma bai ce ba. Haka suke har ya girma ya tafi aiki nesa. Mai littafin bai zage ta ba, bai yabe ta ba. Ban ce ni ce ba, matar ko musulma ba ce. Amma na ce ɗiyata ta rufe, ta rufe. Sai da la'asar wani babur ya zo ya ja mu.

Mun shiga Gadarif an daɗe da yin isha'i. Na sa akwatin a ƙasa, a bayan ƙofa. Matar ɗana ta dube shi ta dube ni, na gane ita ma ta sani. Kowa ya sani.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Ni ce wadda unguwa ke tsoro, na san ɗiyar wa ta yi dare a rijiya, na san ɗan wa ke shan taba a bayan makera. Nawa ɗan kuwa ya zauna a gabana shekara arba'in ban san abin da ke sa shi dariya ba. Wanda ake jin tsoronsa, shi ne na ƙarshen jin labarin gidansa. Kuma abin da na tanadar masa na lahira ya zama babu. Ban sani ba ko karanta wa gajiyayyu ƙarya don su daina faɗa yana da lada. Ni ba malama ba ce.

Da gari ya waye na yafa mayafi na tafi masallaci, lokacin da maza ke zaune a tabarma bayan asuba, mazan nan dai da suka ce amin. Na tsaya daga nesa na gaishe su. Na ce alkawarin da na yi ba zai cika ba, littattafan ba na addini ba ne, tatsuniyoyi ne, ni ce ban sani ba, ɗana bai taɓa ce mini shi malami ne ba. Wani ya sunkuya yana gyara takalmi don kada a ga bakinsa. Liman ya ce Allah yana duban niyya, Hajja. Na ce na ji.

Daga nan na sa aka ɗora mini akwatin a ka, na kai tasha da kaina. Direban yana zuba ruwa a mota. Na ce ya kai kambo ya ba tsoho mai girki, mai yagaggen gefen kuma ya sa shi a hannun ɗan Janub, ya ce masa uwar marigayi ta ce ya yafe. Ya karɓa ya tura ƙarƙashin kujera, sannan ya juyo.

"Ya Hajja, wa zai karanta musu? Marigayin kaɗai ne ya iya."

Ban yi wannan tunanin ba. Na ce ya kai dai.